Haddar Lissafi da Mangalar Jaki

Ni ce nake zuwa ta ɗaya a lissafi tun daga zangon farko na aji ɗaya har tsakiyar aji biyu a ƙaramar sakandaren da na yi a Rano, kuma duk tsawon lokacin nan ban san lissafi ba. Ba ƙanƙan da kai nake yi ba. Abin da na iya shi ne hadda. Tun ina 'yar ficiciya a Islamiyya aka san ni da saurin ɗauka: a biya mini shafi sau uku, gobe in kawo shi ba gyara. Da na shiga sakandare aka haɗa mu da lissafi cikin Turanci, sai na yi masa abin da na saba yi wa kowane karatu. Na zauna na haddace shi, lamba da baƙi, har da wurin da ake ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Wanda ya sa dabarar ta ci shi ne malaminmu na lissafi, wani dattijo mai farin gemu da keke mai ƙararrawa, wanda ya koyar da yayyena biyu kafin ni. Yana da wani littafin rubutu da ya yi wa riga da takardar buhun siminti. A ciki ya jera manhajar shekara uku mako-mako: lambobin Rumawa, manyan lambobi har tiriliyan, rabi da sulusi da rubu'i, sai aljabara, sai kusurwa da da'ira. Kowane darasi da misalansa uku, ba ƙari ba ragi. Zai kwafe su a allo, mu kwafe a littafi, ya karanta mu bi shi da murya ɗaya, sannan ya duba agogo ya ce, "Manhaja ba ta jiran kowa," ya goge allon. Ranar jarrabawa kuwa misalan nan ne za su dawo da lambobinsu, ko ɗigo bai canja ba. Ba lalaci ba ne, don mutum ne da ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya za ka ga kekensa a jingine kafin a kaɗa ƙararrawa. Shi dai a ganinsa misalin da ya shekara da shekaru yana aiki bai yi laifin da za a sauya shi ba.

To ni me na rasa? Da asuba in na gama tilawa, sai in jawo littafin lissafi in ci gaba da rausaya kai da irin muryar. Inna ta taɓa tsayawa da tsintsiya a hannu ta saurara, ta ce, "Wannan kuma wane littafi aka sa muku a Islamiyyar?" Na ce aljabara ce. Ta ce Allah ya sa albarka, ta ci gaba da shara. Na san x huɗu ne a misalin farko, bakwai a na biyu, biyu a na uku. Abin da ya sa yake sauya hali daga layi zuwa layi ban taɓa tambaya ba, na ɗauka haka yake.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan al'amari shi ne Baba. Direba ne, yana jan bas tsakanin Rano da Kano, bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Duk zangon da aka ba mu katin sakamako, ba a ɗakin Inna katin yake kwana ba, a durowar gaban mota yake zama tare da takardun mota. Fasinjan da tsautsayi ya sa ya zauna a gaba, kafin a yi nisa sai an miƙa masa katin an nuna masa layin lissafi da ɗan yatsa. A tasha har sun laƙa mini suna, in na kai wa Baba abinci sai in ji ana cewa ga Injiniya nan. Ina jin daɗin sunan ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Yadda Baba yake kallona a lokacin, da shi da a ba ni duk awarar da ake soyawa a bakin makaranta, kallon zan ɗauka.

A benci ɗaya muke zama da wata yarinya 'yar Yalwa. Kullum a makare take zuwa, a bayan keken yayanta, ƙafa duk ƙasa. Rubutunta kamar kaji sun yi tono, Turancinta kuwa sai a hankali. A lissafi ba ta wuce ta shida ko ta bakwai, don ba ta bin matakan Malam. Za ta zuba wa tambaya ido, ta ciji bayan biro, ta rubuta amsa kawai. Malam ya zagaye amsar da jan biro ya rubuta mata cewa ina hanyar? Ita kuwa ko a jikinta. Mun saba ne saboda ni ina da rula da kamfas, ita kuma takan zo da gyaɗa soyayya a ƙullin hijabi.

A tsakiyar zango na biyu aka aiko cewa za a yi gasar kacici-kacici tsakanin makarantu a Kibiya, kowace makaranta ta kawo ɗalibi ɗaya a kowane fanni. A lissafin 'yan aji biyu ba a ma yi shawara ba. Malam ya kira sunana a gaban aji, aka tafa. Kafin in isa gida labari ya riga ni zuwa tasha. Baba ya je da kansa wurin shugaban makaranta ya ce kada a nemi mota, shi zai ajiye aikin ranar ya kai mu ya dawo da mu. Ya kuma sa aka ɗinka mini sabon hijabi.

Saura mako biyu, Malam ya miƙo mini wasu takardu ya ce tambayoyin gwaji ne da aka samo daga wata makaranta. "Ki duba, duk abin da kika sani ne."

Da aka fita hutun tara na zauna a gindin darbejiya na buɗe. Tambayar farko aljabara ce, kuma kamanninta ɗaya da misalin farko na Malam. Ban tsaya ba na rubuta huɗu, na ja layi biyu. 'Yar Yalwa tana gefena tana ɓare gyaɗa, ta leƙo ta ce, "Biyar ne."

Na ce, "Ke kuma wa ya kira ki? Huɗu ne. Misalin farko ne."

Ta ce, "Wancan x biyu ne da uku, suka ba da sha ɗaya. Wannan x uku ne da huɗu, suka ba da sha tara. Sa huɗun naki ki gani ko zai kai."

Na sa, bai kai ba. Na duba tambaya ta biyu, ita ma lambobinta baƙi ne. Ta uku haka. Har ƙarshen takardar babu fuskar da na sani. Na ji haushi sosai, kuma abin dariya, ba kaina na ji wa haushi ba, mutanen da suka rubuta takardar na ji wa. A raina na ce wannan ai rashin amana ne, ya za a koya wa mutum abu sannan a tambaye shi wani abu daban? Sai da haushin ya lafa tsoro ya shigo. Na hango Baba a zaune cikin taro a Kibiya, ana yi mini tambaya ina zare ido.

Na ce da ita, murya ƙasa-ƙasa, "Ke ta yaya kike sani?"

Ta ce, "Mangala ce."

Na ɗauka tsokana ce. Ashe da gaske take. Babanta yana da jaki, kuma tun tana ƙarama take taya shi ɗora mangala, in za a kai taki gona ko a ɗauko hatsi. Ta tsinci tsinke ta zana a ƙasa. Ta ce layi biyun nan da ke tsakiyar lissafin gadon bayan jakin ne. Abin da ke dama da abin da ke hagu nauyinsu ɗaya, shi ya sa mangalar ta zauna. "X ɗin nan ƙullin hatsi ne da ba ki san kwano nawa ke ciki ba. Nan gefen ƙulli uku da kwano huɗu, can gefen kwano sha tara. Ɗebe kwano huɗu a nan. To in ba ki ɗebe huɗu a can ba me zai faru?"

Na ce, "Ta zame."

"Ta zame, Baba ya yi faɗa. Ɗebe. Saura nawa?"

"Sha biyar."

"Ƙulli uku, kwano sha biyar. Kowane ƙulli fa?"

Na raba, na ce biyar. Wani abu ya yi mini daɗi a ƙirji wanda duk jan biron Malam bai taɓa ba ni ba. Shekara ɗaya da rabi ina rera cewa in lamba ta tsallaka alamarta takan juya, ban taɓa sanin ba tsallakawa take yi ba, sauke ta ake yi daga gefe biyu.

Daga ranar kullum in an fita tara muna gindin darbejiya, ni da kamfas ɗina da ba ya amfanar kowa, ita da tsinkenta. Amma mako biyu mako biyu ne. Manhajar da Malam ya shekara ɗaya da rabi yana gudu da ita ba za ta shiga kaina a hutun cin awara ba. Aljabara kaɗai muka iya taɓawa. Kusurwa da sauran tarkacen suna nan a haddace, kamar kayan da aka ƙulle a ɗaki aka yar da makulli. Ita kuwa duk tambayar da ke cikin takardun nan sai ta ciji biro ta faɗi amsa.

Na san abin da ya kamata in yi. Ba sai an faɗa mini ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin malamai da niyyar in ce wa Malam ga wadda ta dace a kai. Zuwan farko da ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, lafiya?" don sunan har makaranta ya biyo ni, sai na ce alli aka aiko ni karɓa. Zuwa na biyu ma allin na sake karɓowa, har ajinmu ya zama ya fi kowane aji alli. Ita 'yar Yalwa ba ta taɓa cewa komai ba. Ko a fuska ba ta nuna tana son kujerar ba, kuma wannan ya ba ni damar gaya wa kaina cewa ai ba ta so.

Ranar gasar Baba ya wanke mota tun da sassafe, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Aka cika bas da masu amsa tambaya da 'yan rakiya, har da 'yar Yalwa, wadda ni na roƙa a sa sunanta cikin masu tafi. Muna tafe ana waƙa ana buga jikin mota, Baba yana taya mu da hon. Ni ina ta bitar misalai a zuci, don abin da mutum ya saba da shi ba ya barinsa rana ɗaya.

A Kibiya a wani dogon ɗaki aka yi, an jera mana kujeru a gaba, alƙalai uku a tebur, mai tambaya yana riƙe da lasifika mai shaƙewa. Baba ya samu wuri a can baya kusa da taga, ya ɗora hula a gwiwa. Tambaya uku kowa zai amsa.

Ta farko a kan alwatika ce, an ba da kusurwa biyu ana neman ta uku. Da na ji farkon jimlar, irin ta littafin Malam sak, bakina ya riga kaina. Na ce hamsin tun mutumin bai rufe baki ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba haka ba ne, sittin da biyar ne. 'Yan Kibiya suka yi shewa. Ta biyu aka ce in faɗi ƙaramar lambar da shida da takwas duk za su raba ba saura. A littafin Malam huɗu da shida ne, amsa sha biyu. Na san ba ita ba ce, amma ba ni da wata a hannu, sai na faɗe ta da ƙarfi ko Allah zai sa a dace. Ba a dace ba. Wannan karon har da masu buga benci. Ban yarda na dubi wajen taga ba.

Ta uku da ya fara karantowa na ji x. X biyar da biyu a gefe guda, x uku da sha huɗu a ɗaya gefen. Wannan ba ta cikin littafin kowa. Na rufe baki na kira jakin mutanen Yalwa. Na sauke ƙulli uku a dama, na sauke uku a hagu. Na ɗebe kwano biyu nan, biyu can. Saura ƙulli biyu, kwano sha biyu. Mai riƙe da agogo ya riga ya ɗaga hannu zai buga tebur lokacin da na ce shida. Aka ce daidai. Tafi ɗaya na ji ya fi na kowa ƙara, kuma na san tafin wace ce.

Ba mu ci gasar ba, ko kusa. Malam da shugaban makaranta suka tsaya taron malamai, suka ce za su taho daga baya, don haka ni na zauna a gaba kusa da Baba. 'Yar Yalwa tana kujerar bayanmu tana shan rake. Waƙa ta mutu. Mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin Baba ya yi magana.

"Uwata, ni ba na jin Turanci, amma ina da ido. Biyun farko kin amsa kamar ana korar ki. Ta ukun na ga kin yi shiru kina yi da hannu haka." Ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya kwatanta, sama da ƙasa. "Me kike aunawa?"

Na ba shi labarin mangala. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Au, dama abin nan da kike rerawa da asuba ke nan? Ba ni ɗaya in gani." Na ce ƙulli uku da kwano biyar a dama, ƙulli biyu da kwano sha biyu a hagu. Ya kauce wa wani rami, ya ce, "Bakwai." Ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce ashe shi ma da an sa shi boko da yanzu ana nan ana fama da shi. Na fara jin sanyi a raina, na ɗauka magana ta wuce.

Sai ya ce, "Malam ne ya koya muku haka?"

Na ce a'a. Na nuna baya da kai.

Ya gyara madubi ya dube ta. "'Yata, ke ce mai jakin?" Ta sunkuyar da kai, ta ɓoye raken. Ya ce, "Biyun da suka kayar da ita, ke kin san su?"

Ta ce, "Na sani, Baba." Ta faɗi yadda ake yi, a taƙaice, da Hausa, har shi ma ya gyaɗa kai.

Ya mayar da ido kan titi. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. "Uwata, kin san ta fi ki?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Mako biyu ke nan."

Ya ci gaba da tuƙi har Rano. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiyar ba, shewar 'yan Kibiya ba ta kama ƙafarta ba. Ya sauke yara a ƙofar makaranta, da 'yar Yalwa ta yunƙura za ta sauka ya ce ta zauna. Ya juya kan mota ya ɗauki hanyar garinsu, hanyar da kullum yake cewa ko an roƙe shi ba zai sa tayarsa a kai ba. Har ƙofar gidansu ya kai ta. Ya fito da babbar rigarsa ya yi sallama da babanta, suka gaisa, ina jiyo shi daga cikin mota yana cewa, "Malam, ka riƙe yarinyar nan da karatu, Allah ya ba ka abin arziki." Jakin yana ɗaure a turke yana cin karan dawa, shi da aka yi duk abin a bayansa.

Washegari da na dawo daga Islamiyya na tarar da katunana duka, na zango huɗu, an ajiye su a kan akwatina. Baba ne ya fito da su daga mota. Ya ci gaba da kirana Uwata, yana kawo mini tsarabar gurasa daga Kano kamar kullum. Amma durowar mota ta koma ta takardun mota kawai, kuma na san haka, don duk ranar da na kai abinci tasha sai na buɗe na duba.

A wannan makon na koma ofishin malamai karo na uku, ban karɓo alli ba. Na faɗa wa Malam komai, tun daga rausayar asuba. Ya daɗe yana shafa bangon littafinsa. Ya ce, "Duk misalan?" Na ce duka, in yana so in karanto masa. Ya ce a'a, ya isa. A jarrabawar ƙarshen zangon, karo na farko tun zamanin yayyena, Malam ya sauya lambobi. Aji ya kaure da salati a hankali, wasu har da ƙwalla. 'Yar Yalwa ta zo ta ɗaya, duk da ya rage mata maki saboda rashin nuna hanya. Ni na zo ta tara.

Na kai wa Baba katin a tasha, yana zaune a kan benci yana jiran motarsa ta cika. Ya bi layin lissafi da ɗan yatsa har ya kai kan lambar, ya daɗe a wurin.

Ya ce, "Wannan naki ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baba."

Ya tashi ya buɗe ƙofar mota, ya jawo durowa, ya sa katin a saman takardun mota ya rufe.